Jirgin da Ba Direba

A kasuwar Dole na saye shi,
a tabarmar mai tsofaffin takardu,
tsakanin kalandar bara da littafin lissafin 'yan lakwal.
Dala ashirin. Ba bango, ba sunan marubuci,
gara ta riga ni karanta shafin farko.

A ciki akwai jirgi mai girman Birni da Zongo a haɗe,
yana keta duhun da ke tsakanin taurari
shekara ɗari uku, ba direba.
Ba mai gari, ba jandarma, ba mai yankar haraji.
Ƙofofinsu ba su san kwaɗo ba.
In magana ta taso sai a yi zobe a zauna,
kowa ya jefa tsakuwarsa a ƙwarya,
har yaron da jiya ya yi famfara.

Da tocila nake karatun, a bakin famfo,
don ruwa a unguwarmu baƙon dare ne:
ƙarfe uku yake sallama,
kafin ladan ya gyara murya ya tafi.

Barma mai kurar ruwa ya ce in fassara.
Na fassara. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Gari ba mai gari?
Ko kaji, in ka watsa tsaba,
akwai wadda ke fara kai baki."
Gaji ta ce, "Bar wannan. Wa ke wanke musu salga?"
Na duba. Shafi na saba'in: karɓa-karɓa ake yi,
mako-mako, har mai lissafin taurarin.
Ta ce, "To, mace ce ta rubuta."

Sai na ɗaga tocila.
Bido rawaya sun haura ɗari,
layi ya sha kwana ya bi bayan dutsen nan
mai kama da raƙumi a durƙushe.
Rabin masu su na gida suna minshari.
Guntun bulo ke tsare wurin Tanimun,
tsohon silifa ke tsare na Cima.
Ba wanda ya rubuta, ba wanda ya buga hatimi,
amma taɓa silifan nan ka gani.
Mai jego kan wuce mutum goma ba ta roƙa ba.
Makahon Garin Malam bai taɓa sanin
hannun da ke cika masa nasa ba.
Wa ya naɗa mana wannan?
Ban ga rawani ba, gammo kawai na gani.

Na ce wa Barma, "Ga jirgin."
Ya ce, "Jira ruwan ya rage."

Ya kuwa rage, huɗu da rabi,
ya koma siririn zare.
Wani ƙato da ba mu san gidansu ba
ya share bido shida da ƙafa ɗaya.
Mu ɗari muka yi tsit.
Ni ma na sunkuya, wai ina neman inda na tsaya.
Cima ce ta miƙe, ita da ba ta kai kafaɗarsa ba,
ta gyara ɗaurin zane,
ta zauna daram a bakin bidonsa.
Gaji ta zauna gefenta. Sai wata. Sai wata.
Ya yi ashar, ya waiga
yana neman babba da zai shaƙe,
bai samu ba.
Da zai koma ƙarshen layi
har silifan ya tsallake, bai taka ba.

Shafukan ƙarshe an yage su,
wataƙila kilishi aka ƙunshe wa matafiyin Tanut.
Ban san ko sun isa ba,
ko kuwa wani ya wayi gari
ya ce ƙwaryar ta kakansa ce.

Famfo ya yi tari biyu ya ɗauke.
Nawa bidon ko rabi bai kai ba.
Barma ya karkato nasa, yana kallon wani waje,
ya tsiyaya mini har wuya.
Ya ce, "Bashi ne fa, ba jirgi ba.
Gobe ka zo da littafin."